Shaf ɗin gaban Land Cruiser 80: a sa na kuromoli ko a bar na Toyota?

Ɗan Tudu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana ƙasan mota. Land Cruiser 80 ce, ƙirar 1996, injin 1HZ, giyar hannu, mai hob ɗin Aisin da ake kullewa da hannu. Aikinta ɗaukar mutane da kaya zuwa ƙauyukan tsaunin Mambila, inda da damina ba abin da ake fama da shi sai laka da duwatsu da hawa mai tsayi. Yanzu tana kan taya 285/75R16, dif na gaba kuma ba loka, wato na'urar da ke kulle dif ƙafafu biyu su juya tare. Shirin da ake yi shi ne a koma 315/75R16, a sa loka a gaba kafin ruwa ya sauka.

Abu biyu ne ke damuna. Idan an kulle hob an sa ogzileri, wato jan ƙafa huɗu, aka karya sitiyari har ƙarshe, ana jin ƙas-ƙas-ƙas daga ƙafar dama. Sannan wani baƙin ruwa mai kauri yana tsiyaya daga ƙwallon aksul yana ɓata cikin wili. Wasu sun ce tunda dai za a buɗe, gara a sayi cikakken saitin shaf na kuromoli, wato ƙarfe mai ƙarfi da aka haɗa da sinadaran chromium da molybdenum, a huta gaba ɗaya. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma sai an yi odarsa daga waje. Ya cancanci a kashe, ko a sayi kan shaf na Toyota, wato gaɓar ƙarshen shaf da ke lanƙwasawa idan an karya sitiyari, a ci gaba da aiki?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa magana biyu wuri guda, gara mu raba su. Ƙarar da yoyon ciwo ne na rashin gyara, ko wane irin ƙarfe ka saya sai ka magance su. Batun kuromoli kuma batun ƙarfi ne, yana zuwa daga baya.

Baƙin ruwan da kake gani man giya ne da ya gauraya da giris. A cikin aksul, daidai inda shaf yake fitowa ya shiga ƙwallon, akwai ƙaramin oyilsil da ke hana man dif tsallakowa. Idan ya mutu, mai ya shiga nokul, wato akwatin ƙarfen da ke rufe ƙwallon, ya narkar da giris, kan shaf ya koma yana aiki a cikin ruwa-ruwa maimakon giris mai kauri, ƙwallayensa shida su haƙa gurbi a hanyoyinsu. Wannan gurbin ne ke ba da ƙarar da kake ji. Kafin ka zargi oyilsil kaɗai, duba bututun numfashin dif da ke saman aksul. Laka tana toshe shi, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta tura mai ta bakin sil ko da sabo ne.

Yanzu ga abin da ke karya shaf. Injin 1HZ ba ya wuce kimanin 285 Nm na ƙarfin murɗa, amma a giya ɗaya da lo, wato ƙaramar giyar taransifa, idan ka haɗa na giyabos da 2.488 na taransifa da 4.10 na dif, ƙarfin ya ninka fiye da sau 40. Wato injin yana da abin da zai murɗe shaf tun yana sabo daga kamfani. Abin da ke ceton shaf shi ne taya tana sulɓewa kafin ƙarfe ya gaza. Dif mara loka yana raba ƙarfi daidai wa daida tsakanin ƙafafu biyu, don haka ƙafar da ke da riƙo ba ta samun fiye da abin da mai sulɓi ta iya ɗauka. Ranar da ka sa loka, wannan kariyar ta tafi. Ƙafa ɗaya tana sama tana lilo, ɗayar ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, duk ƙarfin gaban motar ya bi ta shaf guda.

Girman taya shi kaɗai bai kai yadda ake zuzuta shi ba. 285/75R16 kusan inci 33 ce, 315/75R16 kuma ba ta cika 35 ba, bambancin bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Nauyinta da riƙonta su ne abin dubawa. Taya mai nauyi da ke wulwulawa a laka, ta faɗo kan dutse ta tsaya cak, wannan fizgar ita ce mai fasa ƙarfe.

Kuma a wannan motar ba sandar shaf ɗin ce ta fi karyewa ba, kan shaf ne, wanda ake kira Birfield. Yana da cikakken ƙarfinsa idan tayoyi suna miƙe. Da zarar ka karya sitiyari har ƙarshe, ƙwallayen suna matsowa bakin ƙoƙon inda ƙarfen ya fi siranta, kejin da ke riƙe su ya sha matsi, sai ko dai keji ya tsage ko ƙoƙo ya dare. Haɗin da ya fi kashe shi guda huɗu ne: ribas, sitiyari a karye, loka a kulle, ƙafa a kan totur. A ribas ana hawa tudu, nauyin motar yana komawa kan gaba, tayoyin gaba ba za su sulɓe ba balle su sauƙaƙa masa.

Ga abin da masu sayar da kuromoli ba su cika faɗa ba. Dif na gaban 80 ƙarami ne, inci 8, na baya kuwa 9.5 ne. Idan ka ƙarfafa shaf, ba ka kawar da rauni ba, ka dai matsar da shi gaba, zuwa haƙoran kambi da finiyon, ko zuwa hob. Kan shaf a nan kamar fiyus yake a wayarin: shi ne mai arha, shi ne ake iya sauyawa a gefen hanya da kayan aiki na hannu. Dif idan ya zubar da haƙora, sai an sauke shi, a sami sabon saiti, a sami kuma wanda ya iya saita shi. Finiyon ɗin wannan dif yana sama ne, an yanka haƙoransa don su yi ƙarfi a tafiyar gaba, a ribas kuwa bayan haƙori ne ke ɗaukar nauyi. Shi ya sa ba a jan motar da ta kafe da ribas. A juya, a ja ta da giyar gaba.

Shawarata: a kan 285, ko da loka, kan shaf na asali mai lafiya da giris mai kyau ya ishe ka. Kuɗin kuromoli ka kashe shi a cikakken gyaran nokul, sauran ka sayi kan shaf ɗaya na ajiya.

Mai Kayan Gyara ya amsa:

Na yarda da Baba, sai dai in ƙara abin da ya shafi saye, don a nan ne mutane suka fi yin asara.

Ba duk kan shaf na 80 ne iri ɗaya ba. Wajen 1994 an ƙara tsawon haƙoran waje, don haka na farkon shekaru ya fi na baya gajarta. Akwai mai zoben ABS akwai mara shi. Idan ka sa gajere inda dogo ya kamata, ba za ka ga gurbin kilif ba balle ka sa shi. Idan ka sa dogo inda gajere ya kamata, zai riƙa kai da kawowa yana cin bushin ɗin sifindil, wato bututun ƙarfen da hob ke juyawa a kansa. Motocin da ke yawo a nan da yawa an taɓa sauya musu aksul ko hob, saboda haka shekarar da ke takarda ba hujja ba ce. Ka cire tsohon, ka wanke shi, ka tafi da shi kasuwa, a jera su a gwada tsawo, a ƙirga haƙora. Na asali haƙori 30 ne a waje wajen hob, 24 a ciki inda sanda take shiga, sandar kuma 30 ce a ɓangaren dif.

Wannan 24 ɗin shi ne dalilin da ya sa kamfanoni irin su RCV suke yin saiti mai haƙori 30 a ciki. Ƙarfin sanda wajen jure murɗa yana tafiya ne da kaurinta sau uku a jere: ka ƙara kauri da kashi 10 cikin 100, ƙarfi ya ƙaru da kusan kashi 33. Amma ka lura, idan ka koma mai 30, kan shaf na Toyota ba zai ƙara shiga sandarka ba. In ya lalace a Gembu, can kan tsaunin Mambila, ba wanda zai ciro maka irinsa daga shago. Sai ka riƙa yawo da tsohon saitinka, sanda da kai, dogo da gajere. In dai sai ka yi kuromoli, ni na fi son wanda ya bar haƙori 24, don kowane bakanike ya iya musanya shi da na kasuwa.

Sai batun jabu. Kasuwa cike take da kan shaf mai arha a cikin kwali mai kyau. Wasu ma an rubuta musu kuromoli a jiki, alhali ba a gasa ƙarfen yadda ya kamata ba. Sunan ƙarfe ba ya nufin komai idan gashi bai yi ba. Irin waɗannan, tsohon na asali ɗan Kwatano da bai yi gurbi ba ya fi su nesa ba kusa ba. In za ka sayi na hannu, a wanke giris tas, a karkata cikin a fito da ƙwallaye, a bi hanyoyin da farce. Sheƙi ba laifi ba ne. Gurbin da farce ke maƙalewa a ciki, ko tsaga a kusurwar tagogin keji, ko shuɗin launi na zafi, a ajiye shi.

Direban Dutse ya amsa:

Baba, a gafarce ni, a wuri ɗaya ban bi ka ba. Maganar fiyus tana da kyau idan karyewar za ta zo a fili, da rana, ƙasa a bushe. Kan shaf da ya dare a tsakiyar hawa ba ƙaramin abu ba ne. Gutsattsarinsa suna iya cushewa a cikin nokul su kulle sitiyari, ga mutane a mota, ga rami a gefe. Kuma ƙoƙon da ya buɗe wani lokaci ba ya fitowa ta bakin aksul sai an sha wahala.

Mai tambaya ya ce 315 da loka da kaya da duwatsu. Waɗannan huɗun idan sun haɗu, ni ina ganin kuromoli na ƙwarai, na ƙarfen 4340 ko 300M, ya cancanci kuɗinsa. Amfaninsa ba ƙarfi kaɗai ba ne: yana ɗan murɗawa ya dawo maimakon ya fashe nan take, wannan kuwa sassauci ne ga sauran kayan. Aibin da aka fi sanin sa da shi shi ne fuskarsa ba ta kai ta na asali tauri ba, yana saurin cinyewa ya fara ƙara a motar da gabanta ke ja kullum, kuma yana son giris a kai a kai. To motarsa mai hob ce. A kwalta hob a buɗe yake, shaf ba ya ko juyawa. Wannan aibin bai shafe shi sosai ba.

Inda na koma bayan Baba shi ne tayar kanta. 1HZ ba shi da turbo, ga tsauni inda iska ta yi ƙaranci injin ya ƙara rauni. Ka ɗora masa 315 a kan 4.10, motar za ta yi nauyin jiki, direba ya koma shiga wuri da gudu yana ƙona kuloci, gudun nan kuwa shi ne ke kawo fizga. Maganinsa sauya giyar dif gaba da baya zuwa 4.56 ko 4.88, amma finiyon na 4.10 haƙori 10 ne, na 4.56 tara, na 4.88 takwas. Finiyon yana ƙanƙancewa a daidai lokacin da kake ƙara masa aiki. Ka ga kuɗi ya tashi daga shaf ya koma dif biyu.

Wanda aikinsa rairayi ne, irin hanyar Agadas zuwa Bilma, wannan muhawarar ba tasa ba ce. Yashi ba ya kama taya ya tsayar da ita, rage iska ne maganinsa. Dutse da laka mai dutse a ƙasa su ne masu cin shaf.

Ɗan Tudu ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri. Na fahimci cewa 315 ce za ta jawo sauran kashe-kashen. Za a bar ta a 285, a sa lokar. Baba, tunda gyaran nokul ya zama dole, me da me za a saya, kuma me zan tsaya a kai in ga an yi daidai? Sannan wanda ke ƙarar nan, dole ne a jefar da shi?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Madalla. Ka sayi cikakken kit na ɓangare biyu, kada a yi gefe ɗaya a bar ɗaya: oyilsil na ciki guda biyu, boris na nokul guda huɗu, sil na hob, gasket, washa mai kunne, kilif-kilif, da saitin shara na bayan nokul, wato roba da audugar da ke goge ƙwallon. Oyilsil ɗin ciki ka nemi na Toyota, boris kuma Koyo ko makamancinsa. Giris iri biyu ne, kada a haɗa su. Mai moli, baƙin nan, lamba 2, na kan shaf da cikin nokul ne, ka tanadi kamar kilo biyu. Boris na wili kuma giris ɗin boris na yau da kullum. Man dif 80W-90 GL-5, lita uku za su isa har a sami ragowa. Notin hob soket 54 yake ci. Kada ka bari a buɗe shi da kurfi da guduma.

Wajen kwancewa, ƙananan washa masu siffar mazurari da ke kan ƙusoshin hob ba a ɓanɓare su da sukudireba. A sassauta noti ya zo daidai bakin ƙusa, a ɗora guntun tagulla a buga, za su yi tsalle su fito. Kan shaf yana da wurare biyu da aka shafe a jikinsa, sai an juya su sun kalli sama da ƙasa yake fita. Don raba shi da sanda, a zura sandar cikin bututun ƙarfe mai tsawo, a sa tsumma a ƙasa, a buga bututun a kan katako har kilif na ciki ya karye. Sabon kilif ake mayarwa.

Ka duba sandar a inda leɓen sil yake hawa. Idan ta yi zobe mai zurfi, sabon sil ma zai yi yoyo, sai a ɗan sauya zurfin zamansa ko a sa mata hannun riga. A buga sil ya zauna a miƙe, a shafa masa giris, kuma wajen zura doguwar sanda ta hagu a tallafe ta, kada nauyinta ya kwanta a kan leɓen. Yawancin yoyon da ke dawowa bayan wata guda daga nan yake.

Wurin da nake so ka tsaya da kanka shi ne ƙusoshi huɗu na ƙasan nokul, masu riƙe hannun sitiyari, musamman na dama. Suna kwancewa a hankali, in suka karye ƙafa ce ke fita. A tabbatar sun zauna daram, notinsu 96 Nm. Shim, wato siririn faifan ƙarfe da aka samu a saman nokul, a mayar da shi inda yake. Kafin a ɗaura shara, a ja hannun nokul da sikelin rataye, ya nuna tsakanin kilo 2.5 da 4.5. Boris na wili kuma: a ɗaure notin ciki 59 Nm, a juya hob, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, a sa washa mai kunne, notin waje 64 Nm, sannan sikeli a kan ƙusar wili ya nuna tsakanin kilo 2.9 da 5.7. A cika ƙoƙon kan shaf da giris, cikin nokul kuma kashi uku cikin huɗu, ba fiye ba. Akwai toshe mai kusurwa huɗu a saman nokul, ta nan ake ƙara giris daga baya. In bakin shaf ya ƙi fitowa a sa kilif, a ɗaura masa bol mai kaurin milimita 8 (M8) a ja.

Kada a manta bol ɗin da ke tsayar da sitiyari. In ya lanƙwashe ko wani ya ɗaure shi ciki don mota ta ƙara juyawa, kan shaf yana wuce iyakarsa kullum.

Shi kuwa mai ƙarar, a wanke a duba. In keji lafiya lau ne, gurbin kuma bai yi zurfi ba, ana musanya na dama da na hagu, ƙwallaye su koma aiki a fuskar da ba ta cinye ba. Amma tunda loka za ka sa, ni sabo zan sa, wannan ya zama na ajiya.

Direban Dutse ya ƙara da cewa:

Abu biyu ga wanda zai riƙa tuƙa ta. Lokar gaba ana kulle ta ne tayoyi na miƙe, mota a tsaye ko tana tafiya a hankali, a cire ta da zarar an wuce wurin. Ba a kulle ta taya na wulwulawa. In gaban motar ya fara tsalle a kan hawa, a ɗaga ƙafa nan take, a koma baya a sake zaɓar hanya, ko a rage iskar taya, ko a jera duwatsu.

In kuma an ji ƙarar fashewa, a tsaya, kada a gwada ko za ta ƙarasa. A buɗe hob biyu, a cire ogzileri, a juya sitiyari a hankali a ji ko yana kamawa. In yana kamawa, ba tafiya sai an buɗe. Sifindil ne ke ɗauke da wili, ba shaf ba, don haka ana iya cire fasasshen da sandarsa, a kwashe gutsattsarin tas, a toshe bakin aksul da tsumma mai tsabta saboda mai, a mayar da sifindil da hob, a tafi da jan baya kaɗai. A ɗaga gefen da ake aiki ya fi ɗayan tsayi, mai ba zai zubo ba. Kayan da ba za a bari a gida ba: soket 54, filayar kilif, guntun tagulla, kilif na ajiya, gwangwanin giris mai moli, da litar man giya ɗaya. Kan shaf na ajiya a cika shi da giris tun daga gida, a ɗaure shi a leda, don ba a wanke ƙarfe da kyau a cikin laka.